Ƙarfe Biyar da Minti Goma

Farfesa Zevallos bai nemi shawararmu ba.
Ya zuba sunaye a hula, ya girgiza,
ya ce mu huɗu, zango guda, na'ura ɗaya:
ku saurari ƙasa a gindin dutsen Misti,
ku kawo min abin da ta ce.

Ni fizikis nake karantawa.
Yovana 'yar kemistiri ce, rigarta duk ƙunar asid.
Fermín na ilimin duwatsu,
aljihunsa cike da tsakuwa kamar mai jiran faɗa,
sai Wilber na lissafi
wanda ba ya amsa gaisuwa sai ya sha kofi.

Makon farko ko ƙusa ba mu buga ba.
In na ce "ƙarfi", Fermín ya ji taurin dutse,
Yovana ta ji zafin abin da ke kwalba,
Wilber ya ce shi dai a ba shi lamba.
Duk a Arequipa aka yanke mana cibiya,
amma kowa na neman tafinta.

Hannu ne ya yi abin da baki ya kasa.
Maganaɗisu daga rediyon kakar Wilber,
wayar tagulla da na naɗe dare uku,
gwangwanin madara, siririyar allura.
Yovana ta haɗa man da zai hana ta rawar banza.
Fermín ya zaɓi ƙasan bene,
inda farin dutse ya kwanta ba tsaga.
Muka ajiye ta kamar jaririn da ya samu barci,
muka fita da sanɗa.

Da muka zo duba takarda,
ƙarfe biyar da minti goma na asuba
layi ya yi tsalle.
Washegari haka. Wanshekare ma haka.

Fermín ya ce dutsen ne ke juyi cikin barci,
abinci ya fita ransa.
Yovana ta ce sanyi ne ke daskarar da manta.
Ni na zargi wayata, na warware aikin dare uku.
Wilber ya cinye alli biyu a allo
ya nuna duk cikinmu ba mai gaskiya,
sannan ya tsaya, ya sosa ƙeya:
ran Lahadi ba tsalle.
Wane dutse ne ke hutun Lahadi?

Muka kwana a wurin, bargo biyu, mutum huɗu.

Biyar ta ɗan gota, makulli ya yi ƙara.
Doña Brígida ta turo amalanken shara,
taya ɗaya a karkace,
gwaf, gwaf, gwaf a kan daɓe,
allura na bin ta da rawa.
Ta ƙare mana kallo.
"Da kun tambaya," in ji ta,
"shekara goma sha tara ina bi ta nan."
Ta nuna wata kusurwa da bakin tsintsiya:
"In ƙasa kuke son ji, can za ku kai ta.
Can ruwan bokitina ke kaɗawa
tun karnuka ba su fara haushi ba."

Can muka kai ta.
Bayan mako biyu, da rana tsaka,
ƙasa ta yi ɗan gyaran murya.
Ba wanda ya ji a aji.
Gwangwaninmu ya ji.

A bangon rahoto Farfesa ya ja jan biro
ƙarƙashin suna na biyar, ya sa alamar tambaya.
Ba mu goge ba.
Sha shida cikin ashirin, muka raba ba gardama.

Ragowar man nan, Yovana ta ɗiga wa tayar,
Fermín ya miƙe ta da guduma.
Yanzu asuba na wucewa shiru,
layi miƙe kamar zare.
Ni kuwa har yau in na buɗe takarda
wurin biyar da minti goma nake fara dubawa.